Kansila Ba Ya Bin Layi

Ni dai akasa, wato agidin masara, da soyayyen kifi nake sayarwa a tashar 'yan zem, wato 'yan acaɓa, ta unguwarmu, bakin hanyar Kwatano, kuma na san Sesinu tun yana haya da babur ɗin wani. Dogo ne, ga surutu kamar rediyo. In ya zauna a bencin ƙarƙashin mangwaro, sai fasinja ya yi ta kira ba mai jinsa, kowa ya riƙe ciki. Matarsa ta rasu da wuri, ba ɗa, bai kuma sake aure ba. Bencin nan shi ne gidansa. Ɗakin da yake haya kuwa wurin kwana ne kawai.

Abokan nan nasa na tasha su suka tsayar da shi kansila, wai a samu nasu a ciki. Ranar da ya ci, ham ɗin babura sai da ya kusa kurmantar da ni.

Aka sa shi a kwamitin hanyoyi. Ana nan sai aka kawo dokar hana ɗaukar yaro fiye da ɗaya a babur. To, wannan fa ita ce cin abincinsu na safe. Kowa yana da gidajen da yake kai wa yara makaranta, uku a baya, ɗaya a kan tanki. Kafin ƙuri'a aka kai kwamitin asibiti, ɗakin yara. Da ya dawo ya tsaya a gabana, ya kasa cin kifin da na ba shi. A nan yaya mace Dada ake ce mata, yaya namiji kuma Fofo.

"Dada Akuavi," in ji shi, "akwai wata yarinya can, ƙafarta ba ta kai kaurin ludayinki ba, an sa mata ƙarfe. Ni ma haka nake jera su."

Ranar ƙuri'a ya ɗaga hannu, doka ta wuce. Da zaɓe ya zagayo, ko ni da ba na hawa babur na san ya faɗi.

Ya wanke tsohuwar rigarsa ta 'yan zem mai ruwan ɗorawa, ya dawo tasha. Na zaci zagi zai sha. Ina! Da ma zagin ne, da sauƙi.

Ƙa'idar tasharmu, wanda ya dawo daga kai fasinja ya zauna a ƙarshen benci, ya riƙa matsowa har layi ya zo kansa. A wannan jiran ake hira, ake tsokana, ake cin kwano ɗaya. Sesinu na kashe babur, kafin ya kai ga benci, sai Gbagidi shugaban tasha ya miƙe, har da ɗan rusunawa, ya yafito wata fasinja.

"Haba, ranka ya daɗe! Kansila da bin layi? Madam, ga babban mutum nan zai kai ki."

"Fofo Gbagidi, ai ba layina ba ne."

"A'a, mu wa? Hau dai, kada rana ta taɓa ka."

Haka kullum. Duk fasinjan da ya zo, nasa ne. In babu fasinja, sai wannan ya tuna zai sha mai, wancan ya tuna iskar taya, benci ya zama wayam. Aiki kam ya samu, har ya fi kowa. Amma mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya koma sai ya wuni bai yi magana da kowa ba sai "ina za ki?" Na ce da Gbagidi, "Kai, ku ji tsoron Allah, mugunta ce wannan!" Ya ce, "Dada, girmamawa ma laifi ce?"

Wata rana da hantsi na ga Sesinu ya tsaya bayan rumfata, ya sunkuya ya zare wayar fulogi da hannunsa. Ya turo babur har gindin mangwaro yana share gumi.

"Ya mutu mini a hanya," in ji shi. "Bari in ɗan huta."

Ya zauna a ƙarshen benci. Wallahi ina kallon yadda ya shafa katakon da tafin hannunsa. Ya buɗe baki zai fara wani labari.

Mutum biyar suka tashi lokaci guda, suka rufu a kan babur ɗin. Kafin in juya kifina, inji ya tashi. Gbagidi ya riƙe masa kan babur, yana murmushi.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Fasinja na jira."

Sesinu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Na gode." Ya hau.