Muryar Inna da Aka Share daga Kaset

Wata Asabar da hantsi, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, bayan an gama yankan gero, Kawu Bala ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke bakin ruwa kusa da Ngaski, ya ajiye rikodarsa a kai, ya zuba mata sabbin batura. Baba ya yi wata bakwai wajen kamun kifi a Tafkin Chadi, kuma ba ya karatun boko. Saboda haka wasiƙarmu kaset ce: a cika ta da magana, a ba direban motar kifi ya kai masa. Ranar sai da aka sa mu wanka muka shafa mai, kamar Baba zai gan mu ta cikin rikodar. Ni na baro awaki a bakin fadama, ƙanena Habibu ya watsar da wasan langa ya sheƙo a guje, ƙafafunsa duk laka.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta fara. Ta yi gaisuwa har kaset ya kusa rabi, ta lissafa wanda ya haihu da wanda jirginsa ya ɓule. Da aka zo kan Inna sai ta ja mayafi ta kawar da kai. Matar da ko sunan Baba ba ta taɓa kamawa ba, ita za ta yi wa miji magana a gaban surukarta? "Ni mi zan ce mishi gaban mutane?" in ji ta, ta tashi ta koma wajen turminta can gindin rumbu. Amma fa bakinta bai yi shiru ba. Tana daka tana jefo saƙo daga nesa, mu muna maimaitawa a bakin rikoda. "Ku ce mishi ɗaki na yoyo." "Ku ce mishi shi riƙa shan maganin tarin nan." Da na kai ƙarar malamin da ya zane ni a kan latti, ta yi dariya har taɓarya ta tsaya. Can wajen ƙarshe, Kawu ya tashi korar kaji daga shanyar kifi, hankalin kowa ya koma can, sai ta sassauta murya ta ce, "Ku ce mishi shi dawo haka nan, gidan ya yi girma." Babu wanda ya maimaita wannan. Rikodar ce kaɗai ta kama.

Baba ya dawo kafin ruwa ya ja baya, da kaset ɗin a aljihun gaba. Na sha ganinsa da la'asar yana ɗinkin raga, ya mayar da zaren kaset ɗin baya da biro don kada batir ya ƙare, ya kara kunne a rikoda daidai wurin da Inna ta ce ya dawo. Inna kuwa sai ta yi kamar wani aiki ya kira ta bayan ɗaki.

Yau Baba da Inna dukansu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ko hoto Inna ba ta bari ba, sai wannan muryar ta bayan turmi. Kaset ɗin ya zauna a hannun Habibu a Yelwa. Ni kuma a birni na kamu da son sauti mai kyau, na haɗa manyan lasifika a falo waɗanda ke ɗauko sauti daga kwamfuta ba tare da waya ba. Na kira Habibu na yi masa bayani dalla-dalla: a juye kaset ɗin yadda yake, a babban fayil wanda ba a matse ba, kada a taɓa komai. Ya ce ya ji.

Bai ji ba. Ya kai wa wani mai shagon tura waƙoƙi a kasuwa, shi kuma gwanin ya ga ya kamata ya nuna iyawa. Ya sa manhaja ta wanke hayaniyar baya, ya matse abin ya zama ɗan mitsitsi don ya wuce ta waya da sauƙi. Na tara 'ya'yana na kunna. Muryar Kaka ta fito tas, tawa ma haka, kamar masu karanta labarai a ɗakin da babu kowa. Babu turmi, babu kaji, babu Inna. Nan take na kira Habibu na tambayi kaset. "Yaya, tunda an juye, mi za a yi da shi? Can na baro shi shagon."

Washegari na kama hanyar Yelwa. Mai shagon ya ce ya share shi cikin tarkace, an ƙone tun makon jiya. Ya dube ni ko a jikinsa, ya ce, "Alhaji, surutun baya kawai na cire maka." Surutu! Uwata ce surutun. Wa ya roƙe shi gyara? Har yanzu idan na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake yi, da na tura saƙo maimakon in taka da ƙafata.

Da can rikoda mai shan batir, mai shuu kamar ruwan sama a kan kwano, ta kai maganar mace mai kunya har Chadi ta dawo da mijinta gida. Yanzu ina da kayan sautin da ake jin numfashin mawaƙi a cikinsu, amma abin da ya rage a wurin nan shiru ne na ɗan lokaci, bayan Kawu ya ce zai kori kaji. Duk sanda muka iso nan, yarana kan tambaya ko sabis ne ya ɗauke. Nakan ce su yi shiru, kakarsu ce ke magana.