Yadda Iya Ta Sa Aka Yi wa Motar Baffa Makulli

Ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya raini kamar kakarmu Iya ba. In ta raina abu ba ta zaginsa. Taɓe baki kawai za ta yi ta ce "Uhm," kai da kanka sai ka ji abin ya fita daga ranka. A gidanmu na Fassi, da an ci tuwo an yi isha'i, mu jikoki sai mu kewaye murhu, ta tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafafu. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata nan ta taho, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo, Iya." Lokacin ina 'yar shekara goma.

Mutum ɗaya ne bakin Iya ba ya kai wa gare shi, wato Baffa, yayan mahaifinmu. Ɗan farinta ne, kunyarsa take yi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In akwai saƙo sai ta kira ɗayanmu ta ce, "Je ki ce wa wancan." Shi kuwa ya san da haka, yana cin karensa ba babbaka.

Marigayi kakanmu ya bar wata tsohuwar akori-kura da ake kai gyaɗa kasuwar Rano da ita. Makullinta a jikin ƙusa yake kwana a zaure. Duk wanda rashin lafiya ta taso wa a unguwa, ba sai ya nemi izini ba, ya taso Ɗanlami direba, a ɗauki makulli a tafi. Da Baffa ya ci zaɓen kansila sai ya ce akori-kura ba ta dace da shi ba. Ya sayar, ya sayo wata baƙar mota da ba ta da makulli sam. Wani ɗan rimot ne kamar akwatin ashana, in yana aljihunka ƙofa ta buɗe da kanta, ka danna maɓalli inji ya tashi. Wayyo, mun sha kallo! Baffa zai tsaya nesa, hannu a aljihu, fitilu su yi walƙiya, 'yan korensa su ce, "Ikon Allah, ranka ya daɗe!" Rimot ɗin ɗaya ne tak, kuma ko matarsa ba ta isa ta taɓa shi ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi naƙuda ta zo wa maƙwabciyarmu Ladidi da gardama. Ungozoma ta ce a kai ta asibitin Rano yanzu-yanzu. Mijinta ya rugo zaure, ƙusa ba komai. Baffa na shirin tafiya taron jam'iyya a motar wani abokinsa. Ɗanlami ya ce, "Alhaji, ba ni abin nan." Baffa ya ce, "Ba a ba da shi. Zan tayar muku, ku tafi." Ya danna, mota ta tashi, ya mai da hannu aljihu ya yi gaba.

A Kibiya mai ya yi ƙasa. Ɗanlami ya tsaya wurin masu sayar da fetur a galan, ya kashe inji kamar yadda ya saba shekara ashirin. Shi ke nan. Ya danna, ya danna, mota ta ƙi ko tari. Aka tura ta, a banza. Wayar Baffa a kashe, yana taro. A kan babur aka ƙarasa da Ladidi, mijinta ya riƙe ta ta baya. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Baffa ya aika da kwalin sabulu da "Allah ya ba da haƙuri," ya ce ƙaddara ce. Rimot ya koma aljihu.

Akwai wasu masu cikin a unguwa, har da mahaifiyata. Kowa ya san in ba a canza ba za a sake. Amma wa zai faɗa wa kansila? Uwar da za ta iya, al'ada ta ɗaure mata baki.

Kwana uku da rasuwar, Iya ta ja tabarmarta kusa da katangar zaure, inda Baffa ke hira da mutanensa. Ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce an yi wani mutum da ya je kasuwar aljanu ya sayo jaki. Jakin nan ba ya jin sanda, ba ya jin "kurr," ba ya motsi sai ya ji warin wata laya da ke aljihun mai shi. Wata shekara rijiyoyi suka ƙafe, ɗan maƙwabci ya kwanta, ƙishirwa za ta kashe shi. Aka roƙi aron jakin a ɗebo ruwa a rafi. Mutumin ya shinshina wa jaki layar, ya kore shi, ya mai da abarsa aljihu. Jaki ya kai rafi, aka ɗora masa tulu, wari ya gushe daga hancinsa, ya ƙame. Kafin a ɗauko ruwa a ka, yaro ya cika.

Na ce, "Iya, me ya hana shi ba da layar?"

Ta taɓe baki. "Ke ma dai! Ai don ita ake ce masa ranka ya daɗe. In ya ciro ta, me ya rage a cikin rigar? Iska."

Muka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Hirar zaure kuwa ta yi tsit.

Washegari muka ce a yi mana wata, ta ce ita wannan kaɗai ta tuna. Jibi ma haka. Kullum tana ƙara wa mutumin wani abu: yau hularsa ta fi kansa, gobe turarensa na korar kaji. Ta rufe da, "Na ajiye ta a nan, mai kayan ya zo ya ɗauka." Yaran maƙwabta suka fara zuwa, har wurin zama ya yi wuya. Kafin sati biyu, duk inda motar Baffa ta ratsa sai ka ji yara na ihu, "Ga jakin aljihu nan!" Har garin Rurum labarin ya kai. Zaɓe kuma ya ƙarato.

Wata safiya sai ga wani mai gyaran wutar mota daga Rano a kan babur, da jakar kayan aiki. Ya wuni kwance a ƙarƙashin sitiyari, wayoyi sun zubo kamar hanjin kaza. Ya ciro wani ɗan akwati ya ajiye a ƙasa, ya kafa wurin zura makulli, ya gyara ƙofofi su ma su karɓi makulli. Yana yi yana mita: "Alhaji, mutane neman irin wannan suke yi, kai kana cirewa. Ka rage mata daraja fa." Baffa ya ɗaure fuska ya ce, "Saboda ɓarayi ne." Da la'asar aka murɗa, mota ta tashi. An yanka makulli uku.

Baffa ya shigo cikin gida ya ajiye ɗaya a gefen tabarmar Iya, ya tsaya yana jiran a sa masa albarka. Iya ta juya baya ta dube ni. "Ki ce wa wancan ba ni ce na yi naƙuda ba. Ya san gidan da zai kai."

Bai kai ba. Ni aka aika.

A lokacin murna na yi, a ganina Iya ta ci nasara, kuma gaskiya ne a motar aka kai mahaifiyata ta haifi ƙanena lafiya. Sai da na girma na zama ma'aikaciyar jinya, na ga irin Baffa da yawa, sannan na gane abin da ya hana Iya dariya. Jaririn da aka binne bai motsa Baffa ba ko kaɗan. Ihun yara ne ya motsa shi, da tsoron faɗuwa zaɓe. Iya ta san ɗanta, ta san ba ta inda tausayi zai shige shi, shi ya sa ta bi ta inda yake jin zafi. Ba ƙaramin abu ba ne uwa ta san haka game da ɗan da ta fara haifa.

Bayan shekara biyu naƙuda ta sake kama Ladidi. Ɗanlami ya kawo motar har ƙofar gidanta, makulli a jiki, inji na aiki, an buɗe mata ƙofa. Ta fito tana dafa bango, gumi na zuba. Ta kalli motar sau ɗaya, ta ce wa mijinta, "Kira min mai babur."