A Ɗakina Za Ta Yi Wanka

Shekara shida na yi ina jinyar uwar mijina a gidanmu na Sabon Gari, kuma in aka ce in faɗi ranar da aka zauna aka ɗora min aikin, ba zan iya ba, don ba a taɓa zama ba. Hawan jini ne ya kayar da Inna a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti sai aka ce a fara sauke ta gidanmu tunda mu ne kusa da likita, kafin a ga abin da hali zai yi. Hali bai yi komai ba. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin da keken ɗinkina yake, aka tura keken lungu, na rufe shi da tsohon zane.

Ƴaƴanta uku. Babbansu Alhaji ne, yana shigo da atamfa daga Najeriya, gidansa bene. Mai bi masa shi ne mijina, mai awon hatsi a kasuwa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Autarsu mace ce, tana aure a Tibiri. Yarana Gwaggo suke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Ba zan yi musu ƙarya ba. Alhaji bai taɓa barin magani ya yanke ba. Gwaggo kuma duk sati biyu sai ta zo da ƙwaryar fura, ta zauna gefen katifa ta share hawaye, kafin la'asar ta tafi neman mota. Amma a cikinsu babu wanda ya san nauyin uwarsu a hannu, ni na san shi.

Ni na san cewa in ba a juya ta ba kafin rana ta kai tsaka, bayanta zai yi ja, in ya yi ja zai fashe. Ni na san kunu ta gefen hagu na baki yake shiga, kaɗan-kaɗan, in ka yi sauri ta ƙware. Ni ke wanke ta, in shafe ta da man kaɗe, in canza zanen da ta ɓata, in wanke, in shanya, wani ya ɓaci kafin na farko ya bushe. Maganarta ta zama rabi, sai na ba ta cokali da kwanon silba, in tana nemana ta buga. Ko ina banɗaki na ji wannan ƙarar sai jikina ya miƙe. Biki da suna kuwa na daina zuwa, har aka daina aiko min da goron gayyata.

Masu dubiya ba su yanke ba. Su shigo su gaishe ta, su ga kwalayen magani a jere, su ce Allah ya saka wa Alhaji, ya ba mu ƴaƴa irinsa. Sai sun sa takalmi a bakin ƙofa su waiwayo su ce min, “Sannu da jinya, ladanki na wurin Allah.” Na yarda ladana yana can, ban taɓa shakka ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kalmar take da sauƙi a bakin wanda bai taɓa ɗaukar baho ba. A shekara shida ba wadda ta ce in je in kwanta, ita za ta zauna.

Duk da haka na yi shiru, kuma da na ci gaba da shirun da ba a taɓo min ɗiyata ba.

Ita ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ana maganarsa ki sunkuyar da kai ko ki bar wurin. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Kakar tata take ce wa Inna, ni kuma Yaya, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Ni “ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan”. Lokacin da ta yi baƙon dauro daga bayan taga na riƙa leƙenta. Ranar da za a kai ta ɗakin miji a Jiratawa, wurin wani yaron kirki mai lambun zogale da tattasai, ɗaki na shiga na rufe, na yi kukana ni kaɗai, aka yaba min da kunya.

Sai ta samu ciki. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. In ciki ya kai wata bakwai yarinya ta dawo gida, ta haihu, a yi mata wankan jego da ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. Da Inna na da lafiya ita za ta yi wankan, ni in tsaya nesa ina hura wuta. To Inna tana kwance. Allah ya yafe min, na yi murna da wannan, don na ga ƙofar da aka rufe min shekara ashirin ta buɗe da kanta. Kwana arba'in zan sa hannu a jikin ɗiyata ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Ban faɗa wa kowa ba, na fara tara itace a bayan ɗaki, na aiki a sayo min babbar tukunya, na daka yajin jego na ƙulle a leda na ɓoye ƙarƙashin keke.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya zo gaida Inna kamar yadda ya saba, ya tarar da Gwaggo. Mijina ma yana nan. Suka zauna a ɗakin, ni ina durƙushe ina ba Inna kunu. A gabana suka ɗauko maganar, don sun san uwar ɗiyar fari ba ta da baki a irin wannan.

Gwaggo ta dubi Alhaji ta ce, “Yaya, batun yarinyar ga ta Jiratawa. Ni ina ganin ta taho Tibiri wurina in yi mata wankan. Gidan ga babu wuri, kuma in anka haɗa jego da jinya wa za ya duba Inna?”

Alhaji ya ce, “Haka ya hi. Kada a raba ma mai jinya hankali.”

Suka dubi mijina. Ya dubi yatsun ƙafarsa ya ce, “To.”

Shi ke nan an gama. Na dubi cokalin da ke hannuna. Wato jinyar da ba wanda ya gani ita ce yau aka gani, ranar da za a ƙwace min abu da ita. Na aje cokalin a cikin kwano, na goge wa Inna baki, na juyo na fuskance su. Sai na faɗi sunan ɗiyata. Cikakkensa, da ƙarfi, karo na farko tun da aka raɗa mata shi. Na ce a ɗakina za ta yi wanka.

Gwaggo ta kama haɓa. Alhaji ya ce, “Ke! Ɗiyar farin taki? Ina kunyar taki ta tahi?”

Na ce, “Alhaji, shekara shida ina wanke tsiraicin uwarku sahe da marece. Wace kunya ta rage mini da za ku aike ni da ita?”

Mijina ya kira ni a hankali, ban ko dube shi ba. Na juya ga Gwaggo na ce, “Tunda kina da kwana arba'in na wankan ɗiyar wani, kina da kwana arba'in na uwar da ta haihe ki. Ki ɗauko kayanki ki zo ki kwanta nan. Ni in ji da tawa, ke ki ji da taki.”

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce in wahala ce ta yi min yawa ai sai in faɗa, a ɗauko ƴar aiki. Na ce masa Inna ba ƴar aiki ta haifa ba, su ta haifa. Na ƙara da cewa ba korar Inna nake ba, in arba'in ta cika zan karɓi abata, amma daga ranar da yarinyar ta haihu na aje baho. Inna tana kallon rufin ɗaki, ban san abin da ta ji da wanda ba ta ji ba. Na ɗauki cokali na ci gaba da ba ta kunu, ya ma riga ya huce.

Kwana biyu mijina bai yi min magana ba sai sallama. Labari kuma ya zaga layinmu kafin magariba. Wasu suka ce jinya ta taɓa min kai, wasu suka ce da ma can ina da baki, ɓoye shi nake. Ban fita na wanke kaina ba. Sai ga wani abu da ban zata ba. Matan da muke karatun islamiyya tare kafin in daina zuwa suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowacce da ɗan ƙullin itace, ta aje bayan ɗaki kan nawa. Uku daga cikinsu su ma masu jinya ne a gidajensu, ɗaya miji, ɗaya uba, ɗaya ɗan da bai taɓa tafiya ba. Mai jinyar uban ta riƙe hannuna ta ce, “Kin hwaɗa mana duka.” A nan tsakar gida muka shirya cewa duk wadda fita ta kama, ɗaya za ta je ta zauna mata. Har yau muna yi, kuma da shi na koma zuwa suna.

Ɗiyata ta zo a watanta na bakwai da buhun busasshen zogale. Ba mu yi maganar rigimar ba, ita ba ta tambaya ba, ni ban faɗa ba. Ta haihu lafiya a asibiti, mace. Washegari da hantsi sai ga Gwaggo da jakarta, fuska a ɗaure. Ta gaishe ni a taƙaice, na amsa a taƙaice, na nuna mata inda baho yake da inda zannuwa suke.

Safiyar wankan farko na tafasa ruwa, na karyo ganyen dogon yaro, na zaunar da yarinyar kan kujera a makewayi. Na tsoma ganye ke nan sai na ji cokali a kan kwanon silba. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Sai muryar Gwaggo daga ɗaki: “Wai ta wane gehe aka ɗaga ta?”

Shekara shida, ɗiyar cikinta, ba ta san ta inda ake kama uwarta ba. Na tsaya da ganye a hannu yana ɗiga. Taku goma ne tsakanina da ɗakin, kuma na san in na yi su shi ke nan, arba'in ɗina ta tafi, kullum za a sami dalilin kirana. Na koma na durƙusa. Daga inda nake na ɗaga murya na ce ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar hagu, ta tallabe ƙugu, kada ta ja hannun da ya mutu. Cokali ya ci gaba da bugawa. Na ji Inna tana kiran sunana da rabin bakinta, na ji ta fara kuka. Na fyaɗa wa ɗiyata ruwan zafi a baya, nawa hawayen suna zuba cikin tukunya, ban tashi ba.

Ranar Inna ta ƙi kunu. Ta rufe baki ta juya wa Gwaggo kai. Abin ya ci ni ƙwarai, don ita ba ta yi min laifin komai ba, kuma hannuna kaɗai ta sani. Sau biyu na je bakin ƙofa na dawo. Sai bayan azahar na ji shiru, na leƙa, na ga Gwaggo ta gano gefen hagu, tana ba ta kaɗan-kaɗan, zanenta duk ya jiƙe, ɗankwali ya zame. Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu ta ce, “Haka kika yi kullum?” Na ce kullum. Ban ce mata ladanta na wurin Allah ba, na dai kawo mata ruwan sanyi.

Da yamma na sake ɗora tukunya. Yarinyar ta zauna ta ba ni baya, tururi ya rufe mu. Na ga tabon baƙon dauron nan a kafaɗarta, wanda daga taga kawai na taɓa ganinsa, na sa tafin hannu a kai. Sai na kira sunanta a hankali, na ce ta sunkuya.

Ba ta sunkuya ba. Ta waiwayo ta dube ni ta ce, “Yaya, ashe kin san shi.”

Na ce, “Ina bayan labule ranar da anka raɗa shi. Juya, ruwa na hucewa.”