Ranar da Jimrau Ya Ƙi Tada Moto

Duk mai shiga kasuwar dabbobi ta Dakoro ya san Jimrau, in bai san sunansa ba ya san motonsa, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu. Ƙungiyar makiyaya ce ta damƙa masa shi shekara shida da suka wuce, don ya riƙa kai allurar dabbobi rugagen da mota ba ta iya yashinsu. Tun daga ranar mutane suka sami abin tsokana. Abin hawan da zai iya tsere wa raƙumi, Jimrau na tafiya da shi kamar mai ɗauke da ƙwai, hular kwano a ka ko da rana na dafa mutum. Ba ya goyon kowa, ba ya ba da aro ko ranar salla da samari ke son sukuwa a kan tudu. Ana ce masa matsoraci, shi kuwa sai ya yi dariya ya wuce. Ni dai ban taɓa ganin tsoro a tare da shi ba.

Amininsa tun na ƙuruciya shi ne Mahamman mai yasar rijiya. Wata Laraba da rani Jimrau ya biyo ta wata rijiya gabas da Korahane, ya tarar da mata sun yi cirko-cirko a bakinta. Mahamman ne a ciki, zurfin gaba arba'in ƙasa, igiya ɗaure a ƙugunsa. Da sa, wato bijimi, aka zura shi, kamar yadda ake jan guga a can, sai mai san ya ga aikin zai daɗe ya kora shi kiwo. Yanzu ana ta kiran Mahamman, ba ya amsawa. Iskar ƙasan rijiya ta buge shi, kuma maza biyu ne kawai a wurin, duk tsofaffi.

Raudatu, matar Mahamman, wadda ta kawo masa fura, tana ganin moton ta kwaso bakin igiyar da gudu ta ɗaura a ƙarfen bayansa.

"Tada shi, Jimrau. Mi kake jira? Hiddo mini shi."

Jimrau ya dubi ƙullin. Minti ɗaya zai isa moton ya fiddo shi, ya sani. Amma ya san wani abu kuma. Sa yana jin igiya a jikinsa, in ta sarƙe sai ya tsaya da kansa. Inji ba ya jin komai. In kafaɗar Mahamman ta maƙale a bakin siminti, ko kansa ya iso icen bakin rijiya da igiyar ke bi, moton zai ci gaba da ja, ƙararsa kuma ba za ta bari a ji mai cewa a tsaya ba.

Ya durƙusa ya kwance ƙullin.

"Uwargida, wannan abin ba shi san mutum ba. Da hannu za mu ja."

"Ashe ko a kan ran amininka motonka ya hi maka?" ta ce. "Allah ya isa tsakanina da kai."

Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya tsayar da tsoho ɗaya a bakin rijiya yana leƙe, ya jera matan a kan igiya, su tara, shi a gaba. Raudatu ta kama tana kuka. Suka ja, suka ja, tafin hannu ya saɓule. Can wajen rabi igiyar ta cije. Tsohon ya ce a dakata, ƙafar Mahamman ce ta shiga wata tsaga. Suka saki kamu biyu, suka sake ja a hankali, ta wuce.

Da ƙyar aka fiddo shi, jiki sake, leɓe ya yi fari. Aka kwantar da shi a inuwa ana yi masa fifita, sai can ya yi tari. Sannan ne Jimrau ya hau motonsa ya tafi neman motar asibiti a guje, kuma a ranar an ce ba wanda ya ce masa matsoraci.

Mahamman ya tashi, amma har yau wani lokaci magana kan ɓace masa a baki. Raudatu na cewa jinkirin ne ya jawo. Ta ga inda igiyar ta cije da idonta, duk da haka in Jimrau ya yi sallama sai ta shige ɗaka. Shi ma Jimrau yakan zauna yana lissafin mintocin nan, bai taɓa samun amsar da za ta kwantar masa da rai ba.

Bayan damina aka kira Mahamman yasar wata rijiya a Kornaka. Ya zo har gida ya sami Jimrau yana duba taya. Ya daɗe tsaye yana neman kalmar.

"Gobe zan shiga," ya ce. "Na hwaɗa musu ba ni sauka sai kai ke riƙe da igiya."