Motar Kawu Ɗanjuma Ba Ta Tsayawa Sai a Gangara

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma tela a Tudun Wada ya san bai taɓa ajiye motarsa a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Sai ya zagaya unguwa sau uku yana neman gangara, ya juya hancin motar ƙasa, ya ɗauko dutsen nan nasa ya tokare taya. In zai tafi, ya zauna ya danne birki, ya kira duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ya zare dutsen ya jefa masa a baya. Mota ta gangara, ya saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari ta tashi. Ya leƙo ta taga ya ce, "Allah bai yi Jos da tudu a banza ba!"

Wannan gwangwanin da ya girme ni shi yake kira Amarya. Batirinta ba ya caji, shi ne duk ciwon. Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, aikin wayar mota nake yi a Daɗin Kowa, shekara da shekaru ana kawo mini irinta ina tashinsu kafin azahar. Amma motar kawuna, wadda duk gari ya sani, ko makullinta bai taɓa bari na riƙe ba. Wallahi abin yana ci mini rai har yau.

Abin ya faro ne ranar da jar fitilar batir ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa. Na ce, "Kawu, altaneta ce take faɗa maka ba ta ba batir wuta. Ko bel ya saki, ko burushin ciki ya cinye. Kawo ta in duba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Injiniya ke nan. Kai da na yi wa ɗinkin wandon kaciya? Mota ba ta ciwo sai an kai ta asibiti."

Bayan mako guda na tarar ya liƙa takardar addu'ar tafiya a daidai wurin fitilar. Na ce ina labarin jar wuta? Ya ce, "Ta tuba."

Daga nan rayuwarsa ta koma hannun tudu. Ya sauya masallacin Juma'a saboda harabar na da a miƙe take. Amininsa Malam Iro ya gina gida a Rikkos, ya gayyace shi walima, Kawu ya je ya ga wurin, ko tsayawa bai yi ba, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da aka yi masa ƙorafi sai ya ce, "Mutum da hankalinsa ya je ya yi gida a kan faranti? Wa zai zo masa?" Zumuncin shekara talatin, ya sayar da shi don kada ya nemi turi. Kai, Kawu!

Ba wai bai yi gyara ba, ya yi, irin nasa. Sau biyu yana sayo altaneta ta hannu yana ɗaurawa da kansa, da almakashi da abin kunce keken ɗinki. Ya ja bel ya yi tsam. Wayar da ta tsinke ya haɗa ta, ya naɗe da ƙyallen shadda, ya ɗaure da zare. Duk da haka batir shiru. Na same shi a ƙarƙashin bonet na ce, "Kawu, in ka murɗa makulli, jar fitilar nan tana kamawa kafin mota ta tashi?"

"Na ce maka ta tuba."

"To ita ce matsalar. Altanetar tsofaffin motoci sai 'yar wutar da ke bi ta cikin ƙwan fitilar nan ta taɓa ta take farkawa. In ƙwan ya ƙone, ko sabuwa fil ka ɗaura ba za ta yi caji ba, balle kai da ba ka taka totur don tsoron mai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kira mai shagon kusa. "Zo ka ji ilimi! Wai ƙwai kamar ƙwayar gyaɗa ya hana mota guda caji. Wanda ya koya maka aikin nan ya cuce mu." Na miƙa hannu zan ɗaga takardar, ya make ni da tef ɗin awo.

Wadda ba zan yafe ba ita ce ta ranar wata Asabar. Wani oga ya kawo mini motocin ofishinsu zai ba ni aikin wayarsu duka, muna tsaye muna magana a bakin shago, sai ga Amarya ta mutu a kan titi, daidai inda babu tudu ko na tururuwa. Fasinjojinsa na alfarma suka fito, limami guda da mata biyu masu kayan miya, suna turi suna haki. Kawu yana zaune daram a ciki kamar ango. Da ya hango ni ya ɗaga murya: "Ku tura, kada ku damu! Ga ɗana can, babban rewaya ne!"

Ogan ya dubi motar, ya dube ni. "Na your papa be dat?" Na ce ba babana ba ne, kawuna ne. Ya ce zai kira ni. Har yau ina jiran kiran.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa ganin taron jana'iza irin nasa a unguwar ba. Na duba sahu, kusan kowa ya taɓa tura motar nan, domin Kawu bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa bai ɗauke shi ba, ladan mota kuwa turi ne. Har Malam Iro ya zo, yana kuka yana zaginsa.

Bayan sadakar uku matarsa, Inna Talatu, ta kira ni ɗaki. Ta ba ni makullin Amarya, ta ɗauko gwangwanin alluransa ta buɗe. Ga ɗan ƙwan fitila a naɗe cikin auduga, lafiyarsa ƙalau. Ashe ba ƙonewa ya yi ba, da hannunsa ya cire shi tun ranar farko don ya daina yi masa ja a ido.

Ta ce, "Cewa ya yi in ba ka in ta Allah ta kasance. Ya ce tun ranar da ka faɗa ya san kai ke da gaskiya, amma bai ga abin da zai sa ya faɗa da bakinsa ba."

Na ɓare takardar, na mayar da ƙwan. Na sa batir mai rai, na murɗa makulli: ja ta kama, mota ta tashi, ja ta mutu. Na ɗora mita, caji yana shiga yadda ake so. Aikin minti biyar. Na zauna a kujerarsa ina neman wanda zan ce wa "ka gani ko?", babu shi, sai hawaye.

Dutsen yana nan a baya, ban iya jefar da shi ba. Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya yafe masa taurin kansa, ya ba shi ladan duk wanda ya rage wa hanya. Allah ya sa tafiyar da ya yi ta zame masa gangara har Aljanna.