Fuskokin da Anacleto Ya Ba 'Yarsa

A wani ƙaramin gari cikin duwatsun Minas, duk cocin da ka shiga za ka tarar da aikin hannun Anacleto Pimenta. Masassaƙin mutum-mutumin waliyyan coci ne, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa. Fuska da hannaye da ƙafafu kawai yake sassaƙawa, sauran jiki sanduna ne da ake lulluɓewa da karan-miski ranar zagayen Ista. Mutanen gari sun daɗe da lura cewa duk Maryamun da ya yi da matarsa Odete take kama, har abokansa kan tsokane shi a shagon giyar rake cewa ya mayar da su masu durƙusa wa matarsa. Shi dai murmushi yake yi.

'Yarsu ɗaya, Dalva, a cikin ɓawon itace ta yi rarrafe. Tana shekara goma sha biyar ta fi shi iya fitar da yatsu. Ya yi alfahari da ita, ya kuma sakar mata mara har ta tafi São Paulo karatun zane.

Da Odete ta rasu, Dalva ta zo jana'iza. Kafin ta koma ta roƙe shi tsofaffin kawuna da hannayen da ya jibge a bayan shagonsa, waɗanda suka tsage ko aka fasa saye. Da kansa ya naɗe mata su cikin buhunan kofi, yana jin daɗin yarinya na son abin tunawa da gida.

Bayan shekara jarida ta iso garin ɗauke da hotunan aikin da Dalva ta baje kolinsa a São Paulo. Dalva ta sassaƙa wa kawunan nan jiki tsirara: nonuwa, cinyoyi a ware, namiji da mace a sarƙe da juna, idanunsu na kallon sama kamar masu addu'a. A birni wasu na tofin Allah tsine, wasu na cewa ba a taɓa ganin ƙarfin hali irin nata ba. A garinsu kuwa ba wanda ya tsaya gardama, kowa ya gane hannun da ya yi fuskokin. Fada Honório, limamin cocin garin, ya kira shi ya ce masa, cikin lallashi, 'yan kwamitin coci sun ba wani a garin gaba aikin Ista. Matan da ke ɗinka wa waliyyai tufafi suka daina gaishe shi.

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya hau mota zuwa São Paulo. Ɗakin nunin fari ne fes, cike da masu riƙe da kofunan gilashi. Ya tsaya gaban mafi girma a ciki, mace kwance da fuskar Odete. Ya so a ce aikin banza ne, da ya samu abin faɗa. Amma babu inda wuƙar Dalva ta kauce. A ƙasa an rubuta sunan Dalva, da bayanin cewa kawunan na wani masassaƙin ƙauye ne da ba a san shi ba.

Ta hango shi ta taho da sauri, ta ce ta ɓoye sunansa ne don ta kare shi.

"Kin kare ni ƙwarai," in ji shi. "Wannan fa uwarki ce."

"Baba, mace ce mai jiki. Kai ka mayar da ita kai da hannaye a kan sanda."

"Ni na san jikinta, Dalva. Ban ga dalilin da zai sa waɗannan su sani ba."

Wani ɗan jarida ya ja ta gefe, ta ce masa ya jira ta. Bai jira ba.

Sunanta ya yi nisa, har ƙasashen waje aka kai aikin. Ta zo gida sau da yawa, yana dafa mata wake da shinkafa, suna hirar ruwan sama da ciwon gwiwarsa. Shagonsa kuma ya koma na sassaƙa cokula da taɓaren daka tafarnuwa, yana kaiwa kasuwar Asabar. Wani lokaci baƙi daga birni kan zo da kyamara suna neman gidan mahaifin Dalva Pimenta, ba su san shi suke tambaya ba. Sai ya ɗago daga kan cokalin da yake gogewa, ya nuna musu hanyar da ta gangara kogi, ya ce su tambaya a can.