Tsohon da Bizarsa Ta Ƙare a Asibiti

Ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur wani abokina ya ba da sunana a kotu, ya ce zan iya tafinta. Duk ranar da aka kama Bahaushen da ba ya jin Turanci ko yaren Malay, sai a kira ni. In baro unguwarmu Danau Kota da sassafe, in zauna a benci har azahar, sau da yawa a ce an ɗage shari'ar.

A wannan zaman jiran na saba da ɗan sandan kotu, wani dattijo mai ciwon gwiwa. Aikinsa hawa da sauka: ya je ɗakin tsare mutane da ke ƙasan bene, ya haɗo mutane bibbiyu a ankwa, ya kai su gaban alƙali, ya mayar. Ba ya tambayar laifin kowa. Ya ce min da can yana tambaya, sai abinci ya riƙa gagararsa, ya daina.

Wata rana ya hauro da wani tsoho ɗan Maraɗi, mai saro yadi a kasuwar Masjid India. Ciwon suga ya kwantar da shi, bizarsa ta ƙare yana gadon asibiti. An haɗa hannunsa da na wani dogon saurayi, tsohon yana tafe a karkace.

Na yi masa sallama, ya ɗago da sauri.

"Ɗana, Bahaushe ne kai? Don Allah tambayar min su, ina alƙibla take a ɗakin can? Ba taga, ban san inda nake fuskanta ba."

Na gaya wa ɗan sandan. Ya ce, "Boleh," wato zai yiwu. Da aka tafi hutu ya sauka da shi yana ɗingishi, ya kwance masa ankwa ya yi alwala, ya nuna masa bangon da ke alƙibla.

Da la'asar alƙali ya yanke hukunci: za a miƙa shi hannun jami'an shige da fice har a mayar da shi ƙasarsu. Na fassara masa.

"To yaushe ke nan, ɗana?"

An riga an kira shari'a ta gaba. Na dubi ɗan sandan, ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, ban sani ba. Sai haƙuri."

Ya miƙa hannu da kansa aka sa masa ankwa. Ban sake jin labarinsa ba. A jirgin ƙasa na komawa unguwarmu barci ya kwashe ni har na wuce tashata.